Lambar Bayan Motar Josiane

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da murhu.

Ta zo mu ji ta, Kaka, ko da mai ɗaci ce.

To, mai ɗacin ce kuwa.

A garinmu Bellefagne, Lahadin farko ta watan Nuwamba ita ce ranar sa wa karnuka albarka. Maharba su zo da jajayen riguna da ƙahonin busa, Fada ya fito ƙofar coci da ruwan albarka, kowa ya riƙe igiyar karensa. A shekarar da nake ba ku labari, lokacin da kuɗinmu faran ne, da shi muke cefane, hazo ya rufe gari tun asuba, ko hasumiyar coci ba a gani. Ana tsakiyar busa sai ga tsohuwar karyar Zénon ta ratso taro ita kaɗai, tana jan igiyarta cikin laka.

Zénon tsohon mai saran itace ne da ke zaune can bakin daji, kuma bai taɓa rabuwa da karyar nan ba. Mutane suka yi dariya, suka ce ta gaji da tafiyar maigidanta ta yi gaba. Wanda bai yi dariya ba shi ne Firmin Collard.

Firmin shi ne mai bin sawun garinmu. In maharbi ya harbi barewa ko aladen daji bai kashe ba, shi ake kira ya bi jinin har inda dabbar ta kwanta. Ya kusa sittin a lokacin, dogo, ga ƙarancin magana, in ka gaishe shi sai ya duba takalminka kafin ya dubi fuskarka. Ya tsuguna ya kama igiyar, ya ga jini a madaukinta. Ya ja tasa karyar, Brume, suka bi sawun baya.

A ƙasan kwanar hanyar daji suka same shi, cikin rami, rai ya riga ya yi halinsa. Mota ce ta kwashe shi. A kan kwalta babu alamar an taka birki. Amma wanda ya buge shi ya tsaya, ya sauko ramin, don an naɗe hular Zénon an tusa masa ƙarƙashin kai. Firmin ya ga wurin da gwiwa ta nutse a laka, ya ga tafukan hannu nan da can, kamar wanda ya yi ta lalube. Kafin jandarma su iso, rabin gari ya biyo shi, an tattake wurin kamar bakin rijiya.

*

Kafin magariba gari ya gama shari'a.

Ghislaine mai burodi ce ta ba da shaida. Ba ta je coci ba, ta kai burodi ƙauyen gaba, kuma a mararraba ta tarar da wata mota mai duhun launi a gabanta, tana tafe a tsakiyar hanya a hankali, tana karkata. Jikin motar ba ta gan shi sosai ba saboda hazo. Lambar baya kuwa ta karanta ta sarai kafin motar ta juya hanyar daji. Lambar gidan Léonce ce.

Ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan magana ba. A wurinmu lamba ta mutum ce, ba ta mota ba. Ta baya ita ce ta hukuma mai hatimi, ta gaba kuwa kowane shago zai buga maka. Ka sayar da mota, ka kwance lambarka ka ɗaura wa sabuwa, in ka mutu ta koma ga matarka ko ɗanka. Saboda haka mun san lambobin juna kamar yadda muka san sunaye. Waccan lamba ta uban Léonce ce, ta dawo ga Léonce, da Léonce ya rasu ta zama ta matarsa Josiane.

Ita kuwa Josiane gari bai taɓa karɓarta ba. Daga birnin Charleroi Léonce ya auro ta, ta shekara ashirin a cikinmu ana ce mata baƙuwa. Bayan rasuwarsa ta faɗa wa kwalba, ta jima a haka, sannan ta daina. Dainawar ba wanda ya riƙe, shan kuwa kowa ya haddace. Aikin dare take yi a gidan kula da tsofaffi. Sai aka ce ai ga shi nan: tafiyar tana karkata, ta maye ce, lalube a laka na maye ne, hula ƙarƙashin kai kuwa wa zai yi in ba mai jinya ba? Ni da nake ba ku labarin nan, a shagon Ghislaine na ji ana faɗa, kuma ban ji bakin da ya ce a'a ba.

Jandarma Lambotte ya ja motarta ya ajiye a garejin Gilbert. Gaban motar kuwa duk lotse yake, sabo da tsoho, ba ka iya cewa wanne ne na yaushe. Aka dakatar da ita daga aiki, aka ce ranar Juma'a za ta tsaya gaban alƙali, kuma kowa ya san daga can kurkuku za a wuce da ita.

Firmin ya gaya wa Lambotte cewa gwiwar da ya gani ta namiji ce mai nauyi. Lambotte mutum ne mai hankali, ya ce bai ƙi ba, amma gwiwar yanzu tana ƙarƙashin takalman mutum hamsin, shi kuma yana da mai shaida da lamba. In Firmin ya samo abin da alƙali zai riƙe a hannu, ya kawo.

*

Firmin ya sami Josiane a ɗakin girkinta, labule a sauke. An jefa mata dutse ta taga, ta liƙe wurin da kwali. Ta ce ta dawo daga aiki da safe, ta ajiye mota a lungun bayan gida kamar kullum, ta kwanta, ba ta farka ba sai da jandarma suka buga ƙofa. Ba wanda ya gan ta, don ba wanda ke shigowa gidanta.

“Kawu Firmin, kai ma ka zo ka shinshina bakina ne? Zo, ga shi. Lambotte ya riga ka.”

Ya ce shi makulli ya zo tambaya. In ba ita ta tuƙa ba, to wani ya ɗauki motar tana barci. Ta yi tunani, ta ce Gilbert yana da ɗaya don shi ke gyara, Rémy kuma, ƙanen mijinta, ya riƙe na Léonce tun ranar jana'iza bai dawo da shi ba.

Sai ta yi wata dariya marar daɗi, ta ce ɓarawon da zai saci Gwangwani a ɓoye ya cika wawa. Haka yara ke kiran motar, don lambar baya noti ɗaya ke riƙe da ita da guntun waya, in tana tafe sai ka ji kwaram-kwaram tun daga gada. Ita dai ba ta ji komai ba, amma barcin mai aikin dare ko tsawa ba ta tashinsa.

*

Lungun da take ajiye mota yana jikin rumbu, wato babban ɗakin ajiya, na Arsène, yayan Firmin. Arsène ya girme shi da shekara goma sha biyar, kuma shi ya raine shi da ubansu ya mutu. Mai fentin mota ne, a zamaninsa har daga birnin Namur ake kawo masa aiki. Ido ya ci amanarsa. Likita ya hana shi tuƙi, ya sayar da motarsa, ya mayar wa hukuma lambarsa, ranar bai ci abinci ba. Abin da ya rage masa shi ne wata tsohuwar mota da ya saya a gwangwan tun yana da ƙarfi, ya kulle a rumbu yana gyara ta kaɗan-kaɗan. Da ido ya tafi sai ya ci gaba da hannu, yana shafa yana gogewa. Gari ya ɗauke ta abin wasan tsoho, an ce ko inji babu a ciki.

Josiane ce ke kai masa miya, ita ke karanta masa rubutun kwalaben magani.

Firmin ya tambaye shi ko ya ji motarta ta fita ranar Lahadi, tun da shi ma bai je coci ba.

“Auta, kunnena ya fara bin idona,” in ji Arsène. “Rediyo nake ji. Ka rufe min ƙofa, sanyi na shigowa.”

*

Rémy yana faskare a bayan gidansa, ko gatarin bai ajiye ba. Ya ce e, makullin yana wurinsa, kuma ba zai bayar ba. Lambar ubansa ce aka ɗaura wa gwangwanin 'yar birni, in an ɗaure ta gobe shi zai sayi giya ya raba wa gari. Firmin ya ji daɗi a ransa, ya ce ga mai dalili, ga mai nauyin gwiwa, ga shi ba a gan shi a coci ba. Ya tambaye shi inda yake ranar Lahadi da hantsi.

“Ka tambayi karyarka, ba ita ce mai hanci ba?”

Firmin bai tambayi karya ba. Ya dubi takalmin Rémy da ke bakin ƙofa, ya ga jar ƙasa, wadda a duk yankinmu sai can wajen tsohon ramin dutse. Ya yi yini guda yana bin wannan zare, ya ƙare a ƙofar wata bazawara mai kiwon zomaye. Ta ce tun daren Asabar Rémy yana wurinta har la'asar ɗin Lahadi, maƙwabta sun ga babur ɗinsa, kuma in matarsa ta ji labari to ta san bakin da ya kai. Firmin ya dawo da gajiya da sirrin da bai nema ba.

Saura Gilbert bakanike. Shi wannan bakinsa ba ya rufuwa. Ya ce ranar Lahadi yana can yana janyo motar wasu 'yan Holan da suka faɗa rami suna neman hanyar coci, sun biya shi sun ƙara masa da cuku, ga cukun nan in Firmin zai ɗanɗana shaida. Makullin Josiane kuwa yana rataye a ƙusa, ƙura ta lulluɓe shi.

“Kai dai ka koma wa aladunka, Firmin. Su in sun yi ɓarna ba sa musu.”

Suna tsaye a bayan motar Josiane. Gilbert ya buɗe but ɗin don ya nuna masa kwalaben da gari ke cewa na giya ne aka samu, ashe na ruwan batir ne, sannan ya mayar da murfin da ƙarfi.

Murfin ya rufu, dum. Ba abin da ya biyo baya.

Gilbert ya ci gaba da surutunsa ya koma ciki. Firmin ya tsaya. Shekara nawa yana jin motar nan, ko ƙofa aka rufe sai lambar ta amsa. Ya tsuguna. Kowa gaban motar ya duba, don gaba ke bugun mutum, ba wanda ya zagayo baya. Wayar nan babu ita. Noti biyu ne sababbi masu sheƙi, an ɗaure su daidai, ba a matse har ƙarfen ya lanƙwashe ba. Ya ƙwanƙwasa lambar da ɗan yatsa, ta yi shiru. Ya zura yatsa ta bayanta, ya taɓo abu mai laushi a kusurwa. Ya leƙa. Guntun ulu ne mai kauri, an yanka shi kamar kwabo, an manna da gam a bayan lambar, kowace kusurwa da nata. Ya shafo gindin notin ya kai hanci: kakin zuma.

Ya dubi jikin motar a wurin. Tsatsa ce zalla, fentin ya ɓare tun Léonce yana da rai.

Ulu a bayan lamba aikinsa ɗaya ne, ya hana ƙarfe gogar fenti in mota tana girgiza. Wa zai kāre tsatsa? Ba don wannan mota aka manna shi ba. Motar Josiane ba ta je ko'ina ba ranar Lahadi. Lambarta ce ta je, a jikin wata mota da ake tsoron ko ƙwarzane ya same ta.

Ya leƙa gareji ya tambayi Gilbert yadda yake ɗaura lamba. Gilbert ya nuna masa tarin firam ɗin lamba na roba masu sunan garejinsa, ya ce a zura, a danna, an gama, wa ke da lokacin wasa. Firmin ya so ƙwarai a ce ulu yake sawa. Tun yana ɗan shekara goma ya san wanda ke yanka tsohuwar hular ulu da bakin bututu, ya san wanda ke cewa a shafa wa noti kaki kada ruwa ya bi ramin ya ci fenti ta ciki. Shi ake ba gwangwanin kakin ya riƙe.

*

Da yamma ya tafi gidan Arsène da burodi, kamar yadda ya saba kowace Laraba. Suka zauna kan miyar albasa. Wannan karon ba ta Josiane ba ce, ta gwangwani ce, don tun Lahadi ba ta fito ba.

Firmin ya ba shi hanya har sau nawa. Ya ce gobe za a binne Zénon. Arsène ya ce Allah ya ji ƙansa, tare suka yi makaranta. Firmin ya ce jibi za a kai yarinyar nan gaban alƙali, kuma shekarun da za a yanka mata ba kaɗan ba ne. Arsène ya lalubi gishiri. Firmin ya ce shi a ganinsa wanda ya yi abin bai yi da gangan ba, in ya fito da kansa ya faɗa, alƙali zai duba. Arsène ya daɗe yana juya cokali.

“Tana sha, Auta,” ya ce. “Kowa ya sani. Yarinya ce, za ta fito da sauran ƙarfinta.”

Firmin ya dubi hannayen da ke riƙe da cokalin, manya, masu tabon fenti a gindin farce. Ya tashi ya wanke kwanuka, ya ce gobe zai zo ya kama masa hannu zuwa coci. Daga nan ya wuce wurin Lambotte.

*

An binne Zénon da hantsi, aka shiga ɗakin taro na coci shan kofi da burodi kamar yadda aka saba. Josiane ta zo jana'izar, ta tsaya can baya, benci guda aka bar mata ita kaɗai. Da aka fara watsewa Firmin ya bi su ɗaya-ɗaya, ya ce Lambotte yana son ganinsu a garejin Gilbert: Ghislaine, Rémy, Josiane. Yayansa kuwa yana riƙe da gwiwar hannunsa, Firmin ya ce masa, “Yaya, raka ni, ba nisa.” Sauran jama'a ba a gayyace su ba, amma suka biyo da baƙaƙen kayansu, suka cika bakin shinge.

Firmin ya fara da Ghislaine. Ya tambaye ta abin da ta gani, motar Josiane ko lambar Josiane. Ta ce wannan wace irin tambaya ce, ai duk ɗaya ne. Ya sake tambaya. Sai ta ce lambar ta gani. Fitilun bayan ma, yanzu da ya tambaya, kamar ƙanana ne zagayayyu, amma hazo ne, ita ba ta rantse ba.

Rémy ya ce in don a wanke 'yar birni aka tara su, shi yana da aiki. Firmin ya ce masa ya tsaya, shi ma an wanke shi, kuma in yana so a faɗi da wane ruwa, sai a faɗa. Rémy ya tsaya.

Sai Firmin ya miƙa wa Lambotte sukurudireba. Notin farko ya fito sumul, ko ƙara bai yi ba. Gilbert ya matso yana kallo, ya ce shi dai bai taɓa lambar nan ba, rabonsa da ita waya ce ke riƙe da ita, ya sha gaya wa Josiane ta kawo ya gyara. Josiane ta ce ranar Asabar ma da ƙararta ta tafi aiki, mai gadin can zai shaida, don kullum sai ya yi mata tsiya.

Lambotte ya cire lambar ya juya bayanta sama. Ga ulun nan kore a kusurwa huɗu, tsaf, ko ƙura bai sha ba. Ya nuna wa jama'a tsatsar da ke ƙarƙashi.

Firmin ya yi bayani a gajarce, idonsa a ƙasa. Ya ce wani yana da mota ba shi da lamba. Ya jira ranar da gari duka ke coci, maƙwabciyarsa kuma tana barci, ya ari ta baya, don ita ce ta hukuma. Amma bai iya jingina tsohon ƙarfe mai kaifi a jikin fentinsa haka kawai ba, sai da ya yi masa matashi. Da ya dawo da ita hankalinsa a tashe, ya manta ya ɓare. Kuma hannunsa bai san yadda ake ɗaura lamba da waya ba, sai ya ɗaura ta yadda ya iya.

Wani daga bakin shinge ya ce motar likita. Wata ta ce 'yan Holan. Gilbert ya ƙara matsowa. Yana kallon ulun, fuskarsa ta canza, don a wurin Arsène ya yi koyon aiki.

Firmin ya ji hannun da ke riƙe da gwiwar hannunsa ya saki.

“Yaya,” ya ce, “ba ni makullin rumbu.”

Ba wanda ya motsa. Arsène ya juyo da fuskarsa wajen muryar, idanun nan farare suna neman inda za su sauka.

“Auta, da hannun nan na yi maka wanka.”

“Na sani, Yaya. Ba ni makullin.”

Ya ciro shi daga aljihun falmaran, amma bai miƙa wa Firmin ba. Ya miƙa shi cikin iska, Lambotte ya karɓa.

*

Da aka yaye tamfol, har waɗanda suka zo da fushi sai da suka ja numfashi. Shuɗiya ce mai duhu, tana ɗaukar ido, kana ganin fuskarka a ƙofarta. Inji yana ciki, tanki da mai. A baya ga ramukan noti biyu masu tsabta, fentin kewayensu ko ɗigon ƙwarzane babu. A gaba kuwa, gefen dama ya lotsa, fitila ta fashe, kuma an riga an fara buga lotsawar daga ciki.

Arsène ya zauna a kan akwatin kayan aiki. Ba wanda ya matsa masa, shi ya yi magana. Ya ce ya gama ta tun bazara. Sau ɗaya yake so ya ji ta a kan hanya kafin ya mutu, zuwa bakin daji ya dawo, hanyar da ya sani tun yana yaro. Yana ganin farin layin tsakiya dishi-dishi, shi ya bi. Da ya ji bugun ya ɗauka barewa ce. Ya sauko yana lalube har hannunsa ya taɓa fuska, ya gane gemun. Zénon yana numfashi a lokacin. Ya sa masa hula, ya ce bari ya kira mutane. Da ya iso gida, sai ya ga ya fara mayar da lamba tukuna. Da ya gama mayarwa, sai ya zauna.

Josiane tana tsaye a bakin ƙofar rumbun. Ba ta yi kuka ba.

“Baba Arsène,” ta ce, “da aka jefa min dutse, kana jin ƙarar gilashin daga nan?”

Ya ce yana ji.

Ta gyaɗa kai, ta juya ta ratsa jama'a. Suka dāre mata hanya, kowa yana kallon takalminsa.

*

To, ga yadda kowa ya ƙare.

An wanke Josiane ranar Juma'a, aka ce ta koma aiki. Ba ta koma ba. Kafin Kirsimeti ta sayar da gidan ta tafi Charleroi da motarta da lambarta, kuma daga garin nan ba wanda ya taka ya ba ta haƙuri, sai Ghislaine da ta aika mata da burodi, aka dawo da shi. Rémy bai sami lambar ubansa ba. Gilbert ya saye shuɗiyar motar a gwanjon kotu, ya rufe ta da tamfol, bai taɓa tayar da ita ba.

Alƙali ya duba shekarun Arsène da idonsa, ya yanke masa hukunci amma bai kai shi kurkuku ba. Aka sa shi a gidan tsofaffi, ya yi hunturu biyu a can ya rasu. Firmin yana zuwa kowace Laraba da burodi, kowace Laraba a ce masa yayansa yana barci.

Gari kuwa ya yafe wa Arsène tun kafin a binne shi, aka ce tsufa ne da ƙaddara. Firmin ne ba a yafe wa ba. Aka ce mutumin da zai tona yayansa a gaban jama'a saboda baƙuwa, ba a shiga daji da shi. Maharba suka koma kiran wani mai bin sawu daga kwarin gaba. Brume ta tsufa ta mutu, bai sake ɗaukar wani kare ba. Ya zauna a gidansa na bakin gada shekara goma sha ɗaya, yana gaida mutane suna amsawa da ka, har ya rasu. Mu shida muka raka shi makabarta.